Harawar da Ba a Taka Ba

Gwashi, 12 ga Oktoba, 2014

Zuwa ga Malam Mas'ud, ɗan Uwani, a Gummi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya. Mu nan lafiya lau muke, sai Yalwa matata da ke fama da gwiwa, ita ma da sauƙi. Allah ya jiƙan Uwani, ya kai haske kabarinta.

In ba ka gane mai rubutun ba, ni ne Makau na Gwashi. Ubana da uban mahaifiyarka wa da ƙane ne. Ni ne dogon nan da ya zauna kusa da kai ranar addu'ar bakwai, ya dame ka da tambaya. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne. Waya a nan sai an hau tudu, kuma abin da nake so abin ajiyewa ne, in duba in sake dubawa.

Ina da shanun huɗa biyu, Toka da Ɗan Ja, kuma da su gidan nan ke ci. Kowace shekara harawata takan ƙare tun rani bai yi nisa ba, su koma kan busasshen kara. Ciki ya cika, jiki babu. Da daminar bana ta sauka na ɗaura musu garma, kafin hantsi sun tsaya suna kallona, ni ma ina kallonsu.

A wurin ta'aziyya na ji an ce kai malamin gona ne a gonar wani Alhaji mai shanun madara, har ka ba mu labarin ramin da kuke zuba kara da ganyen wake, a buɗe da rani a iske shi ɗanye. Tun ranar abin bai fita raina ba. Don zumunci, ka rubuto mini yadda ake yi daki-daki, kada ka bar komai. Gwadabe ɗan kabu-kabu yana zuwa kasuwarmu ta Bukkuyum daga wajenku duk mako, shi zai kawo.

Naka,
Makau

Gummi, 20 ga Oktoba, 2014

Zuwa ga Kawu Makau.

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin takardarka ƙwarai, Kawu. Tun rasuwar Inna babu wanda ya neme ni daga dangin wajenta sai kai. Ina lafiya, a gaishe da Inna Yalwa da jiki.

Abin da ka tambaya a nan muna ce masa sailej, amma ka ce tsimin kara ma ya yi. Kara shi kaɗai cika ciki ne. Abin da ke gina jikin dabba yana cikin ganyen wake da na gyaɗa, shi ya sa muke haɗa su.

A haƙa rami a kan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. A shimfiɗa leda mai kauri, ƙasa da gefe. Da an yanke kan dawa a sare karan tun yana da sauran kore, kada a bar shi a gona ya bushe kamar yadda aka saba. A daddatsa shi guntu-guntu, tsawon ɗan yatsa. Harawa kuma a yanko ta ɗanya, ta sha iska wuni ɗaya kawai. Ka damƙi haɗin a hannu ka matse: in tafinka ya yi danshi amma ruwa bai ɗiga ba, ya yi daidai. Kwando uku na kara, kwando ɗaya na harawa, a gauraya a zuba a daidaita, har rami ya cika ya yi tozo. Sai a naɗe leda a rufe da ƙasa, kada a taɓa sai bayan mako shida. In ya yi kyau za ka ji ƙamshin tsami kamar na nono mai kyau.

Shawarata ita ce bana ka gwada da rabin harawarka, rabin ka ɗaure ka ɗora a bishiya yadda ka saba.

Ɗanka,
Mas'ud

Gwashi, 9 ga Nuwamba, 2014

Malam Mas'ud,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, gwiwar Yalwa ta saki har ta je rijiya.

Takardarka na karanta ta ya fi sau goma, har na karanta wa mutane a ƙofar masallaci. An gama rami, leda ma na samo a Bukkuyum. Nan da mako biyu za mu yanke dawa mu zuba, in Allah ya yarda.

Akwai maƙwabcina Mainasara, tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya zo ya leƙa ramin, ya tambaye ni wa ya mutu. Sai ya ce wai ya taɓa jin wani direba yana cewa a irin gonakin nan shiga ramin ake yi a tattake abin da ƙafa. Yalwa ma ta sa baki, ta ce ita dai ko kuka take ɗurawa a buhu sai ta danna.

Na ce musu malam bai rubuta haka ba. Ban da haka, harawa tana zuwa da sauran ƙwanson wake a jikinta, wake kuwa abinci ne. A gidan da na tashi, in ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa tsince ta ake yi, wanda ya taka kuma ya sha rankwashi. Mainasara ya ce wai har akwai leburorin da aikinsu ke nan, su wuni suna tattaka abinci. Na ce Allah ya kyauta, wannan ai sai wanda bai sami tarbiyya a gida ba, kuma ɗan Uwani ba zai koya mini irin wannan ba.

Amma dai ka fi ni sani. In akwai gyara, ka aiko Gwadabe kafin mu zuba.

Makau

Gwashi, 28 ga Nuwamba, 2014

Malam Mas'ud,

Bayan gaisuwa. Kasuwa biyu Gwadabe yana zuwa hannu wofi. Na ce aiki ne ya yi maka yawa, kuma da akwai kuskure da ka aiko, don haka na ɗauki shirunka a kan ka yarda da ni.

Mun zuba shekaranjiya. Mun bi takardarka layi-layi, uku da ɗaya, mun daidaita da hannu a hankali, babu ƙafar da ta shiga. Abin ya yi laushi kamar katifa, rami ya cika da wuri har na yi mamaki.

Abu ɗaya ne na saɓa maka. Ka ce rabi. To, Mainasara yana tsaye a kan katanga yana cewa wanda ya yarda da malaminsa ai ba ya ɓoye rabi a bishiya. Raina ya ɓaci, na sa aka haƙa rami na biyu, na zuba harawar duka, har da ta gonar Yalwa. Yanzu duk unguwar nan bishiyata ce kaɗai babu dami ko ɗaya a kanta, kuma ni ina jin daɗin a gani.

Makau

Gwashi, 25 ga Janairu, 2015

Malam Mas'ud,

Ina gaisuwa. Shiru dai har yanzu, Allah ya sa lafiya. Mu nan alhamdulillahi.

Na ɗaga gefen rami ɗaya na duba. Abu ya yi, ba laifi. Ramin ya ɗan lotsa ƙasa, ina jin haka yake yi. Shanu ba su saba da shi ba tukuna, Toka ya sansana ya kau da kai, amma ka san dabba da sabon abu.

Akwai 'yan tambayoyi, ba wai don wani abu ba, don in ƙara sani ne kawai. Shin a wajenku yakan yi baƙi? Kuma wani farin abu kamar auduga da ke bin jikin karan, shi ma cikin tsimin yake? Batun ƙamshin nono da ka ce, ko sai ya ƙara kwana biyu yake fitowa? Na mayar da leda na rufe, na ce wa mutane bai nuna ba tukuna.

In ka ga dama ka amsa, in aiki ya yi yawa babu komai.

Makau

Gummi, 30 ga Janairu, 2015

Kawu,

Kafin gaisuwa: don Allah kada ka ba shanu abin nan, ko loma ɗaya. Baƙin ruɓewa ce, farin kuma fumfuna ce, tana iya kashe dabba. Ba zai gyaru ba ko ya shekara a rufe. Ka fitar da shi ka kai gona ya zama taki.

Yanzu ina gaishe ka, in har za ka amsa gaisuwata bayan ka gama karanta wannan.

Mainasara ya yi gaskiya, Inna Yalwa ma ta yi gaskiya. Takawa ake yi. Takawar ita ce aikin gaba ɗaya, sauran duk shiri ne. Iskar da ke maƙale tsakanin kara ita ke ruɓar da shi, kuma babu abin da ke fitar da ita sai nauyin mutum. Laushin katifar nan da ka yaba, iska ce.

Na san haka ne domin ni ne mai takawar. Kawu, ni ba malamin gona ba ne. Na yi shekara ɗaya a makarantar aikin gona, na faɗi jarrabawa, ban koma ba. A gonar Alhaji lebura ne ni. Mu huɗu ne muke shiga rami tun safe har la'asar. In an zuba kauri kamar kamu ɗaya, sai mu bi gefe-gefe da dunduniya, mu cusa kusurwa, sannan mu dawo tsakiya, mu yi ta zagaye har ƙafa ta daina nutsewa, kafin a ƙara wani. Kara yana yanka ƙafa, ruwan ganye ya shiga ciwon. Aikina ke nan shekara uku.

Ranar addu'ar Inna wani ya ce da ni malamin gona a gaban jama'a. Na ga yadda ka gyara zama ka juyo gare ni, sai na kasa gyara masa. Ban taɓa jin dattijo ya kira ni malam ba. Da na zauna rubuta maka takardar farko, na rubuta duk abin da nake jin malaminmu na gaske yana faɗa. Da na zo kan nawa aikin sai na tsallake, na rubuta "a daidaita". Ina so takardar ta yi kama da ta mutumin ofis.

Wannan ba shi ne babban laifin ba. Takardarka ta tara ga Nuwamba ta same ni a kan lokaci, Gwadabe ya ba ni hannu da hannu. Ina da mako biyu cur. Na karanta inda ka ce sai wanda bai sami tarbiyya ba, da inda ka ce ɗan Uwani ba zai koya maka haka ba. Sau uku ina fara amsa ina yagawa. Kalma biyu ce kawai, "a taka", amma na san in na rubuta za ka tambayi su wane ne ke takawa a wajenmu, kuma ba zan iya ƙara wata ƙaryar a kan ta farko ba. Sai na lallashi kaina cewa ƙasar da za a ɗora a sama za ta danne shi, alhali na san ba za ta danne ba. Ranar da Gwadabe ya zo neman amsa na hango shi a tasha, na shige bayan rumfar mai shayi har ya tafi.

Da ka rubuto cewa ka zuba duka, har da ta Inna Yalwa, na san asarar ta ninku. Duk da haka ban rubuto ba, ina ta fatan ko Allah zai sa ya tsira. Kunya ta hana ni magana lokacin da magana za ta yi amfani, yanzu ga shi ina yin ta bayan ta zama banza.

Na roƙi malaminmu ya taimaka mini da dusa buhu biyu, na ba Gwadabe. Na san ba za ta kai ko'ina ba. Ka jiƙa ta ka gauraya da yankakken kara da ɗan gishiri, ka fi ba wanda ya fi rama.

Ka yafe mini, Kawu. Kada ka ƙara rubuta malam a kan sunana.

Mas'ud

Gummi, 15 ga Maris, 2015

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaishe da Inna Yalwa. Mako shida ke nan ban ji daga gare ka ba. Gwadabe ya ce ya ba ka takarda da dusa, ka karɓa ba ka ce komai ba. Na tambaye shi shanu, ya ce shi bai shiga gida ba.

Na gane fushi kake yi, kuma kana da gaskiya. Ban ce ka yafe yanzu ba. Layi ɗaya kawai nake roƙo: yaya Toka da Ɗan Ja? In ma ba ka son rubuta mini, ka faɗa wa Gwadabe da baki.

Mas'ud

Gwashi, 26 ga Afrilu, 2015

Ɗana Mas'ud,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mutane dai. Takardunka biyu sun zo, dusa ma ta zo, Allah ya yi albarka.

Ka karanta shiruna ba daidai ba, kamar yadda na karanta naka. Fushi na yi na wuni biyu, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ya hana ni rubutu bayan nan ba fushi ba ne, rasa ta inda zan fara ne.

Toka babu shi. Ranar Talata ta makon jiya ya kwanta, muka kama wutsiya da ƙaho muka ɗaga, ya sake zubewa. Na kira mahauci kafin ya zama mushe. Shekara shida yana ja mini garma, da aka feɗe shi ko kitsen da za a soya albasa babu. Ban iya tsayawa a wurin ba.

Kada ka ɗauki wannan duka ka ɗora a kanka, don ba ka san sauran labarin ba. Tun ranar da na ɗaga leda a Janairu na san abu ya lalace. Hancina lafiya yake, warin har cikin gida. Na rubuta maka cewa ya yi ba laifi, ƙarya na yi. Da takardarka ta zo ka ce in fitar in kai gona, ban fitar ba. Ta yaya zan ɗauki abin nan a amalanke in ratsa unguwa, ni da na karanta takarda a ƙofar masallaci? Sai na ƙara ƙasa a kai. Wata uku duk wanda ya tambaya in ce bai nuna ba tukuna. Har yara suka mayar da shi abin tsokana, in tuwo ya yi jinkiri a gida sai su ce na Makau ne.

A lokacin nan harawa tana nan cike da bishiyoyin mutane. Da na buɗe baki na ce ramina ya ruɓe, babu gidan da zai hana ni dami biyu, haka muke yi wa wanda gobara ta ci wa rumbu. Amma wanda ya ce yana da rami biyu cike da abinci, wa zai kawo masa? Ina kallon haƙarƙarin Toka suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ina fita ina ce wa mutane saura kaɗan. Kai ka yi shiru mako biyu, ni na yi wata uku, kuma ni dabbar tana gabana.

Ranar da aka yanka Toka, da la'asar, ina zaune a zaure na ji abu ya faɗo tsakar gida. Na leƙa, damin harawa ne. Wani ya sake faɗowa, har guda bakwai, ta kan katangar Mainasara. Bai yi sallama ba, bai leƙo ba. Na zagaya na same shi yana kakkaɓe riga. Na buɗe baki, sai ya riga ni.

Ya ce, "Makau, ka hi ni taurin kai, na yarda. Tun watan da yaw wuce ni ka jiran ka hwaɗi, ka ƙiya. Ba don kai na ba, don Ɗan Ja na."

Na ce masa ramin ya ruɓe tun Janairu. Ya ce ai duk unguwa ta sani, iska ba ta da katanga. Wallahi Mas'ud, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ashe wata uku ina ɓoye abin da kowa ke toshe hanci a kansa, suna ƙyale ni don kada su ba ni kunya.

Washegari ni da shi muka buɗe ramukan da rana tsaka, muka kwashe a amalankensa muka kai gona, kowa na kallo. Ɗan Ja yana cin harawa, ya fara miƙewa da kansa. Bana za mu haɗa shi da bijimin Mainasara a garma ɗaya, a yi wuni a gonarsa a yi wuni a tawa.

Sauran magana ita ce wadda na faɗa a kan masu takawa. Na zagi aikinka a cikin takardar da na aiko maka da hannuna, na kuma sa sunan uwarka a ciki. Ban sani ba, amma rashin sanin bai sa na ji sauƙi ba. Yalwa ba ta raga mini ba. Ta ce na ƙi taka wake don girmama abinci, ga shi na kwashe shi duka na zubar da shebur, ta tambaye ni wanne ya fi wulaƙanci.

Na sake karanta takardarka ta Janairu, wurin da ka ce gefe-gefe da dunduniya, a cusa kusurwa, sai ƙafa ta daina nutsewa. A takardarka ta farko babu layin da ya kai wannan. Waccan ji ka yi, wannan kuwa ka sani. Na karanta wa Mainasara wurin kawai, ya ce da wannan yaron aka aiko mana tun farko maimakon malamin, da Toka yana nan.

Na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Ramukan ban cike su ba. In Allah ya kai mu kaka, ka roƙi Alhajinku kwana uku ka zo Gwashi. Rami ɗaya za mu yi, rabin harawa, sauran a bishiya. Kai za ka shiga gaba, ni ina bayanka, in taka inda ka taka.

Abu ɗaya za ka rubuto mini kafin nan, kuma wannan karon kada ka tsallake. Da takalmi ake shiga, ko ƙafa tsirara? In ƙafa ce, ina so in sani da wuri, don in wanke tawa kamar zan yi alwala.

Kawunka,
Makau